Muhawara: Ɗalibin harhaɗa magunguna da naira 20,000 ta lamunin karatu, yaya za ta kai shi ƙarshen wata a Kano?

Yaya Nura, mai kula da zaure:
Assalamu alaikum. Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga ƙannenmu masu karatun harhaɗa magunguna (famasi) a Jami'ar Bayero, BUK: wanda ya karɓi lamunin NELFUND, asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya, yaya zai yi kuɗin ya riƙe shi? Maimakon a riƙa amsawa ɗaiɗai ta bayan fage, ga fili nan. Lamunin dai kashi biyu ne. Kuɗin rijista makaranta ake tura wa kai tsaye, ɗalibi ba ya taɓa ko sisi. Sai kuɗin ɗawainiya, naira 20,000 a wata, shi ne yake shiga asusun ɗalibi, kuma sai wanda ya nema ake bai wa. Babu kuɗin ruwa. An buɗe shafin nema a watan Mayun 2024, bayan sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Afrilun shekarar, wadda ta cire sharaɗin kawo masu tsaya wa mutum da yake cikin dokar 2023. Yayyenmu da iyayenmu da suka san harkar, bismillah. Lissafi muke so dalla-dalla.

Malam Kabiru:
Wa alaikumus salam. A fara da rabawa. Naira 20,000 a kwana 30 ta kama naira 666 a rana. A ƙaddara ɗalibi yana kashe 400 zuwa da dawowa a adaidaita sahu, kwana 22 a wata: 8,800 ta tafi, saura 11,200 ga abinci, ruwa, sabulu, data da fotokwafi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kuɗin tallafi ne a kan abin da gida yake yi. Duk iyayen da suka janye hannu don sun ji an ce gwamnati na biyan yaro duk wata, to a kai musu wannan lissafin su gani da idonsu.

Amma babbar matsalar ɗan famasi ba ƙanƙantar kuɗin ba ce kaɗai. Kuɗin yana zuwa kaɗan-kaɗan, hidimar karatun kuma a dunƙule take faɗowa. Makon farko na zango za a nemi farar rigar lab, littattafan firaktikal na kowane sashe, kuɗin ƙungiyar ɗaliban famasi ta PANS, kalkuleta, kwalabe da robobin zuba maganin da aka haɗa, takardun manna suna. Duk a mako biyu. Wanda ya saba cinye kuɗin wata a cikin watan, ranar nan sai bashi.

Zainab, aji uku:
Malam, to idan wata ya wuce ba a ga alat ba fa? Shi ne abin da ya fi tayar mana da hankali.

Malam Kabiru:
Ki ɗauka hakan zai faru, ki shirya masa tun yanzu. Lamunin na shekarar karatu ɗaya ne, kowace shekara sai an sake nema, kuma sai makaranta ta tura bayanan ɗalibi an tantance. Tsakanin ƙarewar wata shekara da amincewa da sabuwar buƙata akwai giɓi. Dabarar ita ce ki zama kina cin kuɗin watan jiya a watan yau. Idan aka haɗa miki wata biyu ko uku a lokaci guda, wannan ba rarar kuɗi ba ce, kuɗin watannin da kika yi a bushe ne da na waɗanda za ki yi nan gaba. Ki biya wanda ya ranta miki, ki sayi hatsi, ki kulle sauran.

Sannan ki duba asusun da kika bayar. Ya zama na bankin kasuwanci ne, da sunanki, kuma sunan ya yi daidai harafi da harafi da na BVN da NIN da na JAMB. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko ranar haihuwa ta saɓa, ya isa ya tsayar da biya.

Anti Rabi:
Ni ta tukunya zan shigo, don nan kuɗin yake zurarewa. Ɗalibin da yake sayen abinci sau uku a rana a bakin makaranta, kuɗinsa ba zai ga ranar goma sha biyar ga wata ba. Girki ne mafita, kuma girkin haɗaka ya fi. Mutum huɗu su haɗa kuɗi, ɗaya ya je sayayya, kuɗin mota ɗaya. Hatsi a Dawanau idan da yawa za a saya, man girki da taliya da sabulu da sinadarin ɗanɗano a kasuwar Singa da katan ko rabin katan, kayan miya a 'Yankaba. Idan kwano biyu ne kawai kada a wahala zuwa Dawanau, kuɗin mota zai cinye ragin. Kasuwar Rimi ko ta unguwa ta wadatar.

Lokacin saye ma yana da muhimmanci. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, wake da gero da masara suna sauka. Wanda ya sami kuɗi a dunƙule a wannan lokaci ya sayi waken zango guda. Yadda za a adana shi: a shanya ya bushe ƙarau, a samu jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko wani sinadari a ciki ba, a cika ta har wuya, a sa leda a bakin a murɗa murfin da kyau. Ƙwarin da suke ciki iska ce za ta ƙare musu su mutu. Inda ake kuskure shi ne barin rabin jarkar babu komai, ko buɗe ta kullum. Iska ta shiga, ƙwari su farfaɗo. Don haka a raba a ƙananan jarkoki, a riƙa buɗe ɗaya. Kuma don Allah, ƙannena, ku da kuke karanta ilimin guba, kada wanda ya yayyafa wa wake maganin ƙwari irin su daikulobos da ake sayarwa a ƙananan kwalabe. Kun fi kowa sanin abin da yake yi wa jijiyoyi.

Gas kuma, a jiƙa wake tun dare, awa shida zuwa takwas, a zubar da ruwan. Lokacin dahuwa zai ragu sosai, kumburin ciki ma haka. Kanwa tana saurin nunar da shi amma tana lalata bitamin B1, don haka ɗan kaɗan. A rufe tukunya, da ta tafasa a rage wuta. Kafin a sayi tukunyar gas ko risho, a tambayi dokar ɗakin kwanan da ake ciki, don kada a ƙwace.

Abba Ɗorayi:
Anti, ƙari kaɗan. Girkin sau ɗaya a ci sau biyu yana rage gas, amma a zafin Kano na Maris zuwa Mayu garau-garau da aka dafa da safe aka bari a rufe har dare hatsari ne. Ƙwayar cutar da take tsira a shinkafa tana fitar da gubar da ɗumame ba ya kashewa. Amai da gudawa ana gobe jarrabawa ya fi kuɗin gas tsada. Abin da zai jure ajiya shi ne garin kwaki, ƙuliƙuli, gyaɗa, dabino, garin kunu, yaji, soyayyen manja ko man gyaɗa da albasa. Awara da wake da gyaɗa da ƙwai ɗaya-ɗaya su ne naman ɗalibi.

Anti Rabi:
Haka ne, Abba. Dafaffen abinci kada ya wuce 'yan awanni a ɗaki.

Sadiq:
Ni ina da ja a kan tushen maganar. Me ya sa ake ɗauka kowa sai ya karɓi kuɗin ɗawainiyar? Karatun digirin famasi na PharmD shekara shida ne. Idan aka biya wata goma sha biyu cur, 240,000 ne a shekara, 1,440,000 a shekara shida, ban da kuɗin rijista. Biya kuma kashi 10 cikin 100 na albashi za a riƙa cirewa. A ƙaddara albashin 200,000 ne: 20,000 duk wata, wata 72 kafin a gama da kuɗin ɗawainiya kaɗai. Wato shekara shida ka ci, shekara shida ka biya, a daidai lokacin da kake neman aure da haya da kuɗin sabunta lasisi. Ɗan Kano da yake kwana a gidansu a Gadon Ƙaya ko Kabuga, yana cin tuwon gida, ya karɓi na rijista kawai ya bar ɗayan.

Hafsat:
Yaya Sadiq, lissafinka daidai ne amma ka bar rabi. Yaushe ake fara biya? Shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Ɗan famasi kuma kafin bautar ƙasa sai ya yi shekarar sanin makamar aiki wadda hukumar kula da sana'ar famasi, PCN, ta wajabta. Ka ga shekara ɗaya, da ɗaya, da biyu: aƙalla shekara huɗu bayan kammalawa. Kuɗin da aka karɓa a aji ɗaya ya kusa shekara goma kafin a fara mayar da shi, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Ka tuna abin da 20,000 take saya kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023, ka dubi abin da take saya yau. Alawus ɗin bautar ƙasa ma daga 33,000 ya koma 77,000 a 2025. Nauyin bashin raguwa yake yi da tafiyar shekaru. Sannan dokar 2024 ta ba wanda bai sami aiki ba damar neman a ɗaga masa ƙafa ta hanyar takardar rantsuwa, kuma ta yi tanadin yafewa idan mutum ya rasu.

Sadiq:
Na yarda da wannan. Abin da nake tsoro shi ne wanda ba ya buƙata ya karɓa don kowa na karɓa, kuɗin ya tafi a data da shawarma, bashin kuma ya zauna.

Malam Auwalu:
Ku biyun duk kuna kan hanya. Tunda babu kuɗin ruwa, damuwar riba ba ta taso ba, amma sunansa bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ya tabbata a hadisi cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Maganar da ake yaɗawa cewa kuɗin gwamnati ne, rabonka ne, ba wanda zai tambaya, ɗalibi ya toshe kunnensa daga gare ta. Ka karɓa da niyyar biya, ka sami littafi ka riƙa rubuta kwanan wata da adadin duk abin da ya shigo da wanda aka biya wa makaranta, ka sanar da mahaifi ko wani babba a gida. Mai buƙata ya karɓa ba tare da jin kunya ba, karatu ne zai yi da shi.

Abin da nake gargaɗi a kai da babbar murya shi ne manhajojin bayar da rance na waya. Alat ya makara, yaro ya ci 10,000 a manhaja da nufin zai biya in kuɗi ya zo. Can akwai riba ƙarara, wa'adin kwanaki ne, kuma wasunsu suna bin lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi. Gara ka je wurin mai shagon unguwa ya rubuta maka taliya da mai.

Maman Khalifa:
Allah Ya saka da alheri, Malam. Ni tambayata a matsayin uwa ita ce masauki. Kuɗin nan zai iya biyan haya?

Abba Ɗorayi:
Mama, ba zai iya ba, kuma kada a gwada. Haya a Kano ta shekara ce ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin dillali, ga wutar KEDCO, ga 'yan garuwa kullum. Wannan sai gida ko wani tallafi. Gadon makaranta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai ba ya isa, don haka a gama rijista da wuri a nema ranar da aka buɗe.

Wanda dole sai ya kama ɗaki a waje, kada ya dubi kuɗin haya shi kaɗai. Ya haɗa haya da kuɗin motar shekara da na ruwa, sannan ya kwatanta. Ɗaki mai arha a can cikin Ɗanbare ko Rimin Gata wanda sai an hau adaidaita biyu, zai iya fin mai tsada da ake takawa da ƙafa cin kuɗi. A tambaya ko akwai rijiya ko burtsatse a gidan, a tambaya ko mita ce ko rabon bil. Kuma a tuna karatun nan ba a wuri ɗaya yake ƙarewa ba. A manyan azuzuwa akwai zagayen asibiti, ga Asibitin Malam Aminu Kano can titin Zariya, tsallaken gari guda daga Kabuga. Kada a biya hayar shekara biyu a wuri ɗaya kafin a san inda jadawalin shekara mai zuwa zai kai mutum. A lokacin zagayen, ɗan'uwa a Gyaɗi-Gyaɗi ko Hausawa ko Unguwa Uku da zai ba da wurin kwana na 'yan makonni ya fi kowace dabara. In babu, mutum uku su yi ciniki da mai adaidaita ɗaya na mako, ya riƙa ɗaukarsu a lokaci ɗaya.

Malam Kabiru:
Bari in kawo abin da yake kayar da 'yan ajin ƙarshe: furojet. Wanda aka ba aikin gwada tsiro a kan ɓeraye, ga abin da yake jiransa. Tattaro tsiron da kai shi a tantance, shanya da daka, sinadarin jiƙo kamar metanol wanda ake sayarwa a kwalbar lita 2.5, takardar tacewa, sannan dabbobin. Gwajin guba ta hanyar Lorke yana cin dabba 12 zuwa 13. Babban gwajin kuma, rukuni biyar na dabba biyar ko shida, 25 zuwa 30 ke nan, ga kowane gwaji ɗaya. Ga abincinsu, ga ɓuntun katako na shimfiɗa, ga safar hannu da sirinji, ga bugawa da ɗinke kundin.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen ɓeraye kafin a sami takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ko kafin ruwan tsiron ya bushe. Sai ka yi ta ciyar da su makonni, nauyinsu ya wuce wanda ake so, wasu su mutu da zafi, ka sake saye. A jera abin haka: amincewa, tsiro, jiƙo, sannan dabbobi, a ba su mako ɗaya zuwa biyu su saba da wurin. Ɗaliban da suke ƙarƙashin malami ɗaya su haɗa kuɗin sinadari da abincin dabbobi. Wanda ya san aljihunsa, ya faɗa wa malaminsa gaskiya tun ranar zaɓen batu. Binciken tambayoyi a asibiti ko kantunan magani ilimi ne cikakke, kuma kuɗinsa bugawa ne da mota da kuɗin neman izini.

Shawarata, daga aji uku a riƙa cire 2,000 duk wata. Wata 30 ya ba da 60,000.

Abba Ɗorayi:
Malam, da girmamawa, cire 2,000 daga kuɗin da tun farko bai isa ba abu ne mai wuya, kuma 60,000 ɗin bayan shekara uku ba za ta sayi abin da take saya yau ba. Ni a ganina kuɗin furojet daga kuɗin da yake faɗowa a dunƙule ya kamata ya fito: goron sallah, tallafin karatu na jiha ko na ɗan majalisa, abin da aka samu a dogon hutu.

Malam Kabiru:
Ban ƙi ba, in ya samu. Amma wannan ba shi da tabbas, 2,000 kuwa tana hannu. A haɗa biyun. Kuma ajiyar kada ta zauna a asusun da katinsa yake aljihu. Adashen 'yan aji yana aiki idan mutum biyar ne ko shida da suka san juna, aka rubuta jerin kwasa, aka daidaita kwasar da farkon zango. Inda yake rushewa shi ne idan duk 'yan adashen da alat ɗin lamuni suka dogara: ya makara wa ɗaya, ya makara wa kowa.

Ummi, aji huɗu:
Yayye, maganar aiki a kantin magani da yamma fa? Da yawa suna yi.

Anti Rabi:
Ana yi, ƙanwata, kuma ana koyon abubuwa da yawa, amma da sharaɗi. Ya zama kantin da yake da rijista, ƙarƙashin ƙwararren mai lasisi. Ɗalibi ba shi da hurumin riƙe kanti shi kaɗai, balle ya rubuta magani ko ya yi allura. Kuma a tsaya a ƙarshen mako da hutu. Darussan famasi ba a tsallake su da maki 40, faɗuwa kuma tana iya jawo maimaita shekara guda cur. Maimaita shekara na nufin ƙarin kuɗin rijista, ƙarin bashi, da jinkirin albashin shekara guda. Babu ladan yamma da zai rufe wannan.

Sayar da magani a ɗakin kwana kuwa, ko farasitamol ne, a bar shi. Daga nan ake zamewa zuwa taramol da makamantansa, kuma mun san abin da ya sa aka hana maganin tari mai kodin a 2018 da irin ɓarnar da ya yi a garin nan. Wanda NDLEA ta kama da wannan, ya yi sallama da lasisi tun kafin ya same shi. Koyar da 'yan sakandare kemistiri da bayoloji a unguwa, awa biyu sau uku a mako, ya fi tsabta kuma yana ƙarfafa karatun mutum.

Hafsat:
Ƙananan ramuka da ba a lura da su. Cire kuɗi a na'urar bankinka kyauta ne. A ta wani banki, tun Maris 2025, naira 100 ce a kan kowace 20,000 idan na'urar a harabar banki take. Mai POS kuwa duk cirewa da cajinsa, don haka cire dubu bibbiyu sau goma asara ce. A cire na mako gaba ɗaya, a raba a ambulan. Littattafai kuma, kundin bayanan magunguna na BNF sau biyu yake fitowa a shekara, ba dole ɗalibi ya mallaki sabo ba. Na 'yan ajin gaba da na laburare ya isa karatu, sai dai a tabbatar da adadin shan magani a sabon bugu. Rigar lab a sayi farin yadi a Kantin Kwari a kai wa tela, a ɗinka biyu. Rashin lafiya, a fara da asibitin makaranta tunda akwai kuɗin kula da lafiya a cikin rijista. Gidan sauro kafin damina ya fi maganin zazzaɓi arha.

Zainab, aji uku:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Idan za a rufe rijista kuma lamunin bai iso makaranta ba, gida suka ranto suka biya, kuɗin ya tafi ke nan?

Yaya Nura, mai kula da zaure:
Bai tafi ba. Idan kuɗin lamunin ya iso bayan kin biya, an biya sau biyu ke nan, kuma haƙƙinki ne makaranta ta mayar miki da ɗaya, don bashin yana kanki ko kin karɓa ko ba ki karɓa ba. Ki adana rasit ɗin biya na asali da lambarsa, ki ɗauki hoton shafinki na NELFUND inda ya nuna an biya da adadin, ki rubuta takardar neman mayarwa da lambar rijistarki da lambar asusunki, ki kai ofishin kula da harkokin ɗalibai ko na kuɗi, duk wanda aka sanar. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a kan ɗaya ki riƙe. Wakilin aji ya tattara sunayen duk masu irin wannan matsala a bi sawu tare, ya fi saurin fitowa. Ranar da kuɗin ya dawo, wanda ya ranta wa gida shi ne farkon wanda za a kai wa.